Yadda za ka sa kwamfutarka ta riƙa kashe kanta a lokacin da ka ɗiba mata

Ni dai batirin infata ne ya koya min wannan aikin, ba wata makaranta ba. Ina da ɗan shago a nan Agege, muna taifin da firintin da fotokwafi, kwamfuta uku ce a ciki, destof biyu da laftof ɗaya da nake yawo da ita gida. Wata Asabar na fita da wuri saboda walimar wani abokinmu a Idi-Araba, na ce wa yaron shago in ya gama ya kashe komai kafin ya rufe. Ya kashe fanka, ya kashe ƙwai, ya danna maɓallin monita duka biyun suka yi baƙi, ya sa kwaɗo ya tafi abinsa. Su kuwa CPU ɗin suna nan a ƙarƙashin tebur suna ta huci. Cikin dare aka ɗauke wuta, infata ta karɓa, suka kwana suka wuni suna zuƙar batir, Litinin da safe na buɗe shago na tarar ko ƙwai ɗaya ba ya kamawa, ga mutum huɗu a bakin ƙofa da filash a hannu suna jiran firintin.

Na ce, "Kai, ban ce ka kashe ba?"

Ya ce, "Wallahi Oga na kashe, ba ka ga fuskarsu baƙi ƙirin ba?"

To me za ka ce masa. Ranar da man janareto na yi aiki, kuma kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Ko wutar gwamnati ce ma ba kyauta ba ce, a watan Afrilun 2024 an kai kuɗin yunit ɗaya na 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225. Ka ɗauka destof ɗinka da monita suna jan wat 100, ka bar su awa 8 kowane dare, yunit 24 ke nan a wata, a wancan farashin naira 5,400 kwamfuta ɗaya tal, kuma ba aikin komai ta yi maka ba. Daga ranar na daina dogara da tunin mutum, har da nawa.

Sa lokacin kansa ba shi da wuya ko kaɗan, minti ɗaya ya isa. Inda mutane suke faɗawa rami shi ne wasu 'yan saituna da Windows ta zo da su, waɗanda aka tsara don ƙasashen da ba a ɗauke musu wuta, sai kuma agogon kwamfutocin tokumbo da muke saya. Shi ya sa za ka ga na daɗe a can fiye da nan farkon.

Hanya ta farko: kashewa sau ɗaya, yau kaɗai

Wannan ta mai son ya kunna karatu ko tafsiri ya yi barci a kai ce, ko mai sauke wani babban fayil da datar dare. Ka danna maɓallin Windows, wanda yake da hoton taga a ƙasan kibod, ka riƙe shi ka danna R. Wani ɗan akwati zai fito mai suna Run. A ciki ka rubuta:

shutdown /s /t 3600

Ka danna Enter. Shi ke nan. Saƙo zai leƙo yana gaya maka Windows za ta kashe nan da minti 60.

Ka lura da tazarar da ke tsakani, akwai sarari bayan shutdown, akwai bayan /s, akwai kuma bayan /t. Rabin waɗanda suke kirana su ce abin ya ƙi, manne su suka yi wuri ɗaya. Sannan sandar mai karkata zuwa dama ce, wadda take maɓalli ɗaya da alamar tambaya. Ita /s tana nufin a kashe, /t kuma lokaci, lambar ƙarshe kuwa sakan ce, ba minti ba. Wani ɗan'uwa ya taɓa rubuta 60 yana nufin awa ɗaya, bai gama gyara filo ba ta mutu. Lissafin dai minti sau 60 ne: rabin awa 1800, minti 45 2700, awa ɗaya 3600, awa biyu 7200, awa uku 10800, awa biyar 18000, awa takwas 28800. In kana so ta mutu ƙarfe 2 na dare kuma yanzu ƙarfe 11 da rabi ne, awa biyu da rabi ke nan, 9000. In ba ka sa /t ba gaba ɗaya sakan 30 za ta ba ka. Iyakarsa kuma 315360000, wato shekara goma, ban san wa zai buƙaci wannan ba amma ga shi nan.

In ka fasa, ka sake buɗe Run ka rubuta:

shutdown /a

Za ta gaya maka an soke. Wannan ka haddace shi kamar lambar wayarka, don duk sauran abin da zan faɗa a ƙasa shi ne birkinsa. Kuma in ka riga ka sa lokaci kana so ka canja, sai ka soke na farkon tukuna, in ba haka ba na biyun ba zai shiga ba. A Run ba za ka ma ga komai ba, baƙar taga ce kawai za ta yi walƙiya ta ɓace ka zaci ya shiga, amma in a Command Prompt ka rubuta, wato baƙar tagar rubuta umarni da ake nemo sunanta a Start, za ka ga ta ce an riga an tsara kashewa, da lambar kuskure 1190.

Yanzu ga ramin farko, kuma shi ya fi ciwo. Duk lokacin da ka sa /t da lambar da ta wuce sifili, Windows tana ɗauka ka ba ta izinin rufe komai da ƙarfi, kamar ka ƙara /f ko da ba ka rubuta shi ba. Ka san yadda in ka kashe da hannu Word take tare hanya ta ce za ka yi sebin? To a nan babu wannan tambayar. Ƙanina ɗalibi ne, yana rubuta furojet ɗinsa a laftof ɗina da daddare, ni kuma na sa mata awa biyu tun da magariba na manta ban gaya masa ba, ya fita sayen shayi da burodi a bakin titi ya tsaya hira, ya dawo ya tarar da ita a mace. Ya ce, "Yaya, shafi shida fa!" Allah ya taimaka Word ta dawo masa da mafi yawa ta hanyar ajiyar da take yi da kanta lokaci-lokaci, amma sakin layin ƙarshe da ya fi wahala a kansu sun tafi. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Don haka kafin ka sa lokaci ka danna Ctrl da S a duk abin da yake buɗe, kuma in ba kai kaɗai kake amfani da kwamfutar ba ka faɗa wa mutane.

Abu na biyu, kwamfutar da ta yi barci ba ta kashe kanta a kan lokaci. In laftof ɗinka tana shiga barci bayan minti 15, kai kuma ka sa mata awa uku, barcin ne zai riga, daunlodin ɗinka ma ya tsaya. Ka shiga Settings, sai System, sai wajen Power, ka mayar da lokacin barcin Never a daren da kake wannan aikin. Fuskar tana iya mutuwa, wannan ba komai, barcin ne matsala. Kuma kar ka rufe murfin laftof ɗin, don yawancinsu rufe murfi barci yake sa su.

In kullum kake yi, ka yi masa maɓalli

Wanda ya gaji da rubutawa ya je fuskar destof inda babu komai, ya danna ɓangaren dama na maus, ya zaɓi New, sai Shortcut. A layin da ya fito ya rubuta umarnin nan na sama da adadin sakan ɗin da ya saba, ya danna Next, ya ba shi suna, ni nawa "Kashe bayan awa ɗaya" na sa masa. Ka yi na biyu da shutdown /a ka kira shi "Fasa". Kar ka ajiye su kusa da juna, kuma kar ka ajiye su inda yara suke danne-danne.

Akwai wanda ya fi wannan daɗi, mai tambayarka minti nawa ya yi lissafin da kansa. Ka buɗe Notepad ka rubuta layi huɗun nan yadda suke:

@echo off
set /p m=Minti nawa?
set /a s=%m%*60
shutdown /s /t %s%

Wajen sebin ka canja Save as type zuwa All files, ka sa masa suna kashe.bat. Ko wane suna ka ga dama ka sa amma ban da shutdown.bat, don in ka sa wannan sunan fayil ɗin kansa zai riƙa kira yana maimaitawa ba iyaka, kwamfutar kuma ba za ta mutu ba.

Hanya ta biyu: kullum ƙarfe kaza, ba sai ka tuna ba

Wannan ita ce ta masu shago da ofis, da iyayen da yara suke kwana a gaban gem. Windows tana da wani ma'aikaci a cikinta mai suna Task Scheduler, aikinsa ke nan, ka ba shi aiki ka ba shi lokaci. Yana nan a Windows 7 da 10 da 11, kamanninsa ma kusan ɗaya ne.

Ka buɗe Run ka rubuta taskschd.msc ka danna Enter, ko ka nemi sunansa a Start. Taga za ta buɗe mai kashi uku, kar yawan rubutun ya tsorata ka, ɓangaren dama kawai za ka duba ka danna Create Basic Task.

Shafin farko suna yake nema. Ka sa abin da za ka gane bayan wata shida, kamar "Kashe shago 10 na dare". Next.

Shafi na biyu yana tambayar yaushe. Daily kullum ke nan, Weekly sai ka zaɓi ranaku, One time sau ɗaya. Mai ofis da ba ya zuwa Asabar da Lahadi ya ɗauki Weekly ya yi tik a Litinin zuwa Juma'a. Ni Daily na ɗauka, don in kwamfutar a kashe take dama ba abin da zai faru. Next.

Shafi na uku ka sa lokacin. A nan ka buɗe ido da AM da PM, 10:00 PM ne goman dare. In agogonka na awa 24 ne to 22:00. Na ga wanda ya bar shi a AM, kwamfuta ta riƙa mutuwa ƙarfe goma na safe ana tsakiyar aikin kwastoma, har ya ɗauke ta ya hau mota zuwa Computer Village a Ikeja wai a duba masa ko bairos ne. Wajen Recur every ka bar shi a 1. Next.

Shafi na huɗu ka zaɓi Start a program. Next.

Shafi na biyar shi ne zuciyar aikin. A layin Program/script ka rubuta:

C:\Windows\System32\shutdown.exe

A layin Add arguments kuma:

/s /t 300 /c "Za a kashe nan da minti 5, a yi sebin"

Me ya sa 300 ban ce sifili ba? Saboda wata rana za ka kasance kana kan aiki a wannan lokacin, lokacin rajistar jarrabawa mu kan kai sha ɗaya a shago. Minti biyar ɗin nan su ne za su ba ka damar yin sebin ko ka danna "Fasa" ɗinka. Ita /c saƙo ce da zai fito a fuska, kana iya rubuta shi da Hausa yadda na yi, ka dai sa shi tsakanin alamun zance. Ka tuna ƙarfe goma da minti biyar za ta mutu ke nan, in kana son goma daidai ka sa aikin ya fara 9:55.

A shafin ƙarshe, kafin ka danna Finish, akwai ɗan akwati a ƙasa da ya fara da Open the Properties dialog. Ka yi masa tik. Yawancin masu koyarwa a nan suke cewa an gama, alhali a Legas yanzu aka fara.

Saitunan da suke kayar da mutane

Da Properties ya buɗe ka tafi shafin Conditions. A ƙarƙashin Power za ka ga layi mai cewa Start the task only if the computer is on AC power, kuma da tik ɗinsa ya zo. Ma'anarsa kar a yi aikin sai in kwamfutar tana jone da wuta. Ka gani ko? Wato daren da aka ɗauke wuta laftof ɗinka ta koma kan batir, daren da ka fi kowane dare buƙatar ta mutu ta rage maka caji, shi ne daren da Windows za ta naɗe hannu ta ƙi yin komai. Sati biyu na yi ina mamaki, wata rana ta mutu wata rana in tashi da asuba in tarar batir ya ƙare tas, har na fara zargin laftof ɗin, sai da na lura duk daren da ta ƙi babu wuta a layinmu. An gudu ba a tsira ba. Ka cire wannan tik ɗin, na ƙarƙashinsa mai maganar Stop if the computer switches to battery power shi ma ya tafi. Masu destof a kan infata abin bai cika shafarsu ba don ita kwamfutar ba ta san wutar daga batir take zuwa ba, amma in UPS ɗinka irin mai jonuwa da kebul ɗin USB ne Windows tana iya ganinsa a matsayin batir, don haka kowa ya cire kawai.

A shafin dai akwai Wake the computer to run this task. In ka yi masa tik za ta tashe ta daga barci don ta kashe ta. Ga destof ɗin shago yana da amfani. Ga laftof da kake sawa a jaka ni ban so, ka yi tunanin ta farka a cikin jaka kana cikin danfo a go-sulo, ba iska, ga zafi. Sannan wasu kwamfutocin sai an ba da izinin Allow wake timers a cikin Power Options kafin ya yi aiki.

Akwai kuma na sama mai cewa a fara aikin sai in kwamfutar tana zaune ba a taɓa ta na minti kaza. A takarda abin ya yi kyau, wai kar ta mutu kana aiki. Amma Windows ce take yanke hukuncin mene ne zaman banza, tana duba kibod da maus da kuma yadda injin yake aiki, sai wani abu yana gudana a bayan fage ta ce ai ana aiki, ta jira ta gaji ta haƙura. Ni na bar shi babu tik, minti biyar ɗin gargaɗin nan sun ishe ni.

Sai shafin Settings. Akwai layi mai cewa Run task as soon as possible after a scheduled start is missed. Wannan kar ka kuskura ka yi masa tik. Abin da yake nufi, in lokacin ya wuce kwamfutar tana kashe, a rama aikin da zarar an samu dama. Ga sauran ayyuka hakan daidai ne, amma aikinmu kashewa ne, ka ga in wuta ta ɗauke ƙarfe tara destof ta mutu da kanta, gobe da safe ka kunna kana fara aiki sai ta tuno bashin jiya ta ce za ta kashe. Yadda ya zo babu tik, ka bar shi haka.

A shafin General kuma za ka ga zaɓi biyu. Run only when user is logged on yana aiki ne in akwai wanda ya shiga akawun ɗin, ko da an kulle fuska. In kuwa yaron shago ya saba yin Sign out ya bar ta a shafin shiga, to ba za ta mutu ba, sai ka zaɓi Run whether user is logged on or not. Za ta tambaye ka fasawod in ka danna OK, kuma fasawod ɗin akawun take so, ba PIN ɗin nan mai lamba huɗu da kake shiga da shi kullum ba. Ranar da ka canja fasawod ka dawo nan ka sabunta.

Ka gwada yanzu, kar ka jira dare. A hagu ka danna Task Scheduler Library, ka nemo sunan aikinka a tsakiya, ka danna masa dama ka zaɓi Run. In saƙonka ya fito aiki ya yi, sai ka soke da shutdown /a. A nan ɗin dai za ka ga Disable in kana so ka dakatar da shi na ɗan lokaci, kamar da azumi da tsarin dare yake canjawa, da Delete in ka gama da shi.

Wanda ba ya son wannan danne-dannen, layi ɗaya yana ƙirƙirar aikin a Command Prompt:

schtasks /create /tn "Kashe" /tr "shutdown /s /t 300" /sc daily /st 22:00

Amma ko da wannan ka yi sai ka koma Conditions ka cire tik ɗin wutar nan, don shi ma da shi yake zuwa.

Agogo

Duk wannan aikin a kan agogon kwamfutar yake tsaye, mu kuma yawancin kwamfutocinmu tokumbo ne. Ka shiga Settings, Time & language, Date & time, ka tabbata yankin lokacin West Central Africa ne, UTC+01:00. Masu laftof ɗin Ingila su ne abin ya fi ruɗawa, saboda daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Landan da na Legas ɗaya ne, ba za ka ga wani aibu ba, sai Lahadin ƙarshe ta Oktoba su mayar da agogonsu baya da awa ɗaya, kwamfutarka ta bi su, goman darenka ya koma sha ɗaya. Ta Amurka kuwa tazarar awa biyar ce ko shida in lokacin New York take kai. Wasu sai su gyara awar da hannu su bar yankin yadda yake, da ta hau intanet ta daidaita kanta sai ta koma gidan jiya.

In kuma tsohuwar destof ce da kullum ka kunna sai ka ga kwanan wata ya koma wata shekara can baya, ɗan batirin madabod ne ya mutu, mai kama da kwabo, lambarsa CR2032. Masu gyaran agogo ma suna sayarwa. Ka canja shi kafin ka sa wani jadawali.

Ga wanda ba ya so a rufe masa aiki

Bayan abin da ya faru da ƙanina, laftof ɗina na daina kashe ta, na koma Hibernate. Shi wannan yana kwashe duk abin da yake buɗe ya ajiye a hard disk, wato ma'ajiyar kwamfutar, sannan ya kashe wuta gaba ɗaya, in ka kunna ka tarar da komai inda ka bari, har shafin da ba ka yi sebin ba. A Task Scheduler wajen Add arguments ka sa /h kawai. Shi ba ya karɓar /t, don haka babu gargaɗi, lokaci na yi za ta kwanta. In na dare ɗaya kake so ka buɗe Command Prompt ka rubuta:

timeout /t 3600 /nobreak && shutdown /h

Ka bar baƙar tagar a buɗe tana ƙirge, rufe ta shi ne sokewa. In ta ce Hibernate ba ya kunne, ka buɗe Command Prompt da Run as administrator ka rubuta powercfg /hibernate on.

Masu daunlodin kuma, wani lokacin ba lokaci ya kamata ku sa ba, tunda ba wanda ya san saurin netwok ɗin daren. Internet Download Manager tana da zaɓin ta kashe kwamfuta in ta gama, qBittorrent ma haka, HandBrake ta masu matse bidiyo ita ma haka. Wannan ya fi ka yi cinta ka sa awa uku ta mutu saura kaɗan a gama.

Mac da Linux a gurguje

A Mac ɗin da, cikin System Preferences wajen Energy Saver ko Battery akwai maɓallin Schedule. Daga macOS Ventura ta 2022 an cire shi, sai ta Terminal, wato tagar rubuta umarni ta Mac:

sudo pmset repeat shutdown MTWRFSU 22:00:00

Haruffan ranakun mako ne daga Litinin, R ce Alhamis, U ce Lahadi. Ka duba abin da ka sa da pmset -g sched, ka soke da sudo pmset repeat cancel. Sai tana farke kuma ka shiga akawun take kashewa, sannan fayil ɗin da ba a yi sebin ba yana iya tare ta, akasin Windows. Na sau ɗaya kuma sudo shutdown -h +60, a nan minti ake ƙirgawa ba sakan ba.

A Linux irin su Ubuntu, sudo shutdown -h 22:00 ko +60, sokewa sudo shutdown -c. Na kullum ka buɗe sudo crontab -e ka ƙara layin 0 22 * * * /sbin/shutdown -h now.

Ta mutu da kanta ko wuta ce ta kashe ta?

Wannan tambayar ta dame ni a farko, don da safe duk a mace zan tarar da su. Ka nemi Event Viewer a Start, ka buɗe Windows Logs, sai System, a dama ka danna Filter Current Log ka rubuta 1074,6008,41 a layin lambobin. Lamba 1074 tana nufin an kashe ta yadda ya kamata, za ka ga lokacin da shirin da ya ba da umarnin, har saƙon Hausar da ka rubuta yana ciki. In 6008 ko 41 ka gani, ba a kashe ta yadda ya kamata ba, yawanci wuta ce ta yanke mata ko wani ya danne maɓalli.

Makon jiya na sake barin shago da wuri, da na dawo washegari na buɗe wajen nan a destof ɗin gaba, 1074 na gani na daren jiya da saƙona a ƙasa. Yaron yana tsaye a bayana yana leƙe, ya ce, "Oga, to yanzu kunnawar ma ba za ta iya da kanta ba?" Za ta iya, amma wannan ba a Windows yake ba, a BIOS ne, wato saitunan injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, in kana kunna Dell ka riƙa danna F2 ka nemi Auto On Time, a HP kuma F10 ake shiga da shi. Ban sa musu ba tukuna, don in suka tashi ƙarfe takwas babu wuta kuma ba kowa a shago, batirin infatar nan dai za su koma sha.